Kitson kowane lokaci da zaɓen man kai na ƙwarai

Ku ma maza kada ku ajiye takardar nan, don kuɗin kitso da na man kai sau da yawa daga aljihunku suke fita, kuma har da kan ɗiyanku ake magana.

Darasinmu na yau a kan gashi ne: wane kitso ya dace da wane lokaci na shekara, da yadda za ki bambanta man kai na ƙwarai da wanda zai cuce ki. Ga abin da ya sa na ɗauko zancen.

A ajin manya da nake koyarwa da la'asar a Sabon Gari akwai wata uwar gida mai ɗiya 4, ba ta fashin zuwa. Bayan ƙaramar Salla sai muka yi mako 2 ba mu gan ta ba. Ranar da ta dawo, da aka tashi, ta ja ni gefe ta zame kallabi. Fatar kanta ta sale daga goshi har bayan kunne, gashin gaba ya tafi. Ta ce: "Malama, man miƙar da gashi ne na saya a leda wurin mai talla. Da aka shafa na ji zafi, aka ce in daure, ado sai da wuya. Ana wankewa kuma aka zauna aka yi mini kitso ƙanana." Kuɗin da ta kashe a likita ya ninka na man sau da yawa, kuma har yau akwai wurin da gashi bai koma ba. Ita ce ta ce in ba ku labarin, ban da sunanta. Garin neman gira an rasa ido.

Mu fara sanin gashin kansa

A kan mutum akwai silin gashi wajen 100,000. Kowane sili yana da saiwa a cikin fata. Saiwar ce mai rai. Abin da ya fito waje ba ya da rai, kamar farce yake, shi ya sa ba ki jin zafi in an yanke shi. Ki riƙe wannan da kyau: abin da ba ya da rai ba ya warkewa. Silin da ya tsage ko ya ƙone, babu man da zai ɗinke shi, sai dai a datse a jira sabo.

Gashi yana ƙaruwa da wajen santimita 1 a wata. Kowane sili yana yin shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, ya huta wajen wata 3, sannan ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. In kin yi mako 2 da kitso, ranar tsifa za ki ga gashi cike da mataji. Kada hankalinki ya tashi: wanda ya faɗi kullum ne ya taru cikin kitson. Haka mai jego takan ga gashinta yana zuba wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Wannan yakan tsaya da kansa.

Fatar kai tana fitar da maiƙo nata. Gashin da yake a miƙe, maiƙon yakan bi shi har baki. Namu a murɗe yake, maiƙon ba ya iya gangarawa, shi ya sa bakin gashinmu ke bushewa ya karye. To, in kika ce gashinki ba ya tsawo, yawanci ba tsiro ya ƙi ba. Yana fitowa daga ƙasa, yana karyewa daga sama. Aikinki duka biyu ne: ki tsare saiwa, ki hana karyewa.

Saiwa kuma daga jini take ci, ba daga kwalba ba. Macen da jininta ya yi ƙasa gashinta yakan zuba. Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, hanta, da zogalen da ake nomawa a fadamar Jiratawa sun fi wa saiwar gashi amfani bisa duk wani mai da aka rubuta masa alkawarin tsawo.

Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar gabas takan kwaso ƙura daga hamada, ta wajen Bilma da arewacin Cadi. Iskar ba ta da laima. Yadda take fasa leɓe da dunduniya, haka take busar da gashi. A wannan lokaci ne gashi ya fi karyewa.

Kitson hunturu shi ne wanda ke ɓoye bakin gashi: zane, ko shuku da aka naɗe jelarsa, ko kitson zare irin na iyayenmu. Kada ki bar kai a tsefe kwana da kwanaki. Kada ki taje shi a bushe. Ki yayyafa ruwa tukuna, ki shafa mai kaɗan a kan laimar, sannan ki taje daga baki zuwa gindi da mataji mai faɗin haƙora. Ruwa ne ke tausasa gashi, shi mai rufe ruwan kawai yake yi don kada ya gudu. Wadda ta lafta mai a kan busasshen gashi, ƙura ta tara.

Sanyi yakan sa mata ƙin wanke kai har wata guda. Wannan kuskure ne. Ki wanke ko da sau 1 a kwana 10, da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, kuma da hantsi don ya bushe kafin dare.

Bazara

A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan wuce digiri 40. Kai yana cikin kallabi da hijabi, zufa tana zuba. Zufa da mai da ƙura in sun haɗu sai ƙaiƙayi da ƙuraje da wari. A bazara ki rage mai, ki ƙara wanki: sau 1 a mako. Ki zaɓi kitso manya, mai faɗin tsaga, wanda iska ke ratsawa, wanda kuma za ki iya tsefewa cikin rabin awa. In kina cikin ɗaki ke kaɗai, ki buɗe kai ya sha iska.

Ki lura da wani abu. Salla tana matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar Salla ta zo a ƙarshen Maris, Sallar layya kuma a farkon Yuni, watau duka biyu cikin zafi. Kitson Sallar da ya dace da kakarki lokacin da Salla ke faɗowa cikin ɗari, ba lalle ya dace da ke ba. Kuma ranar jajibiri makitsiya tana da layi, hannunta yana sauri, sauri kuma shi ke kawo ja. Ki je kwana 4 ko 5 kafin Salla, ki zauna a yi miki a natse.

Damina

Daga Yuni zuwa Satumba iska tana da laima, gashi yana laushi, karyewa tana raguwa. Matsalar damina ita ce jiƙa. Ruwan sama ya same ki a gona, ko kin yi wanka kin ɗaura kallabi kai bai bushe ba. Kan da ya kwana a jiƙe cikin ɗauri, wari da amosani ke biyo baya.

Amosani ba bushewar fata ba ne kamar yadda mutane da yawa ke zato. Akwai wani ƙanƙanen naman gwari, ido ba ya ganinsa, yana zaune a fatar kan kowa, maiƙo ne abincinsa. In ya yi yawa sai fata ta riƙa saɓa. To, wadda ta ga amosani ta ƙara lafta mai a fatar kai, ciyar da shi ta yi. Maganinsa wanki ne a kai a kai. In ya ƙi, akwai sabulun ruwa a farmasi mai ɗauke da ketoconazole: a shafa a fata, a bar shi minti 3 zuwa 5, a ɗauraye, sau 2 a mako har wata guda.

Mai aikin gona ta yi zane ɗaiɗai, kamar 6 ko 8, wanda ke bushewa da wuri. Kitson da aka ƙara wa gashin roba, wanda muke kira meshi, yana riƙe ruwa yini guda. Ba na damina ba ne.

Kaka

An girbe gero, an cire gyaɗa, kuɗi sun shigo, bukukuwa sun tashi. A kaka ne makitsa ke nuna gwaninta, kuma a nan yayi ke canzawa. Da, manyan mata doka suke yi, a gina ta bisa matashi daga goshi zuwa ƙeya, a shafe da man shanu da shuni, ta yi makonni. Yara maza kuma a bar musu tukku ko zanko. Daga baya shuku ya zo mana daga ƙasar Yarbawa, kalaba ta shigo. Yau yarinya tana ganin kitso a finafinan Kano ko a wayar salula, gobe ta kai wa makitsiya hoton. Wani mai ɗaukar hoto na Nijeriya, J. D. Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar hotunan kitso a 1968, ya tara kusan 1,000 kafin rasuwarsa a 2014. Ana nuna su a manyan gidajen tarihi na duniya. Ke nan sana'ar makitsiya ba ƙaramar sana'a ba ce.

Yayi ba laifi ba ne. Amma kafin ki bi shi ki tambayi kanki abu 3: Yana da nauyi? Yana jan gaban goshi? Zan iya wanke kaina da shi? Game da ƙarin gashi kuma, malamai suna da magana a kai, mai son bayani ta tambaye su. Ni abin da zan ƙara shi ne meshi roba ne, yana da nauyi, kuma bai kamata ya kusanci murhu ba.

Kitso mai tsauri

Ga babban ɓarawon gashin matanmu. Mun saba cewa kitson da bai ja ba ba ya daɗewa. Ki duba mata a wurin biki, ki ga nawa ne goshinsu ya ja baya, gefen kunne ya zama fili. Ba gado ba ne, ba kuma tsufa ba ne. Ja ne. In ana jan saiwa kullum sai ta kumbura. Da fari in an sassauta gashi yana komowa. In aka yi shekaru ana ja, saiwar ta mutu, wurin ya zama tabo mai santsi, kuma babu mai a duniya da zai tsirar da gashi a kan tabo.

A 2007 wata lokotoron fata, Nonhlanhla Khumalo, da abokan aikinta sun duba kawunan mutane a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Sun sami irin wannan sanƙo a kan ƴan mata ƴan lakkol 17 cikin 100, da manyan mata kusan 32 cikin 100. Ya fi yawa ga waɗanda suka miƙar da gashi da mai sannan suka ɗora kitso mai ja a kai. Abin da ya sami ɗalibata ke nan.

Alamomin kitson da ya yi tsauri ba su da wuyar ganewa: ciwon kai, kasa kwanciya a daren farko, fata ta ɗago tsakanin tsaga, ƙananan ƙuraje a bakin goshi. In kin ga ɗaya, ki tsefe a ranar, ko da kin biya kuɗi. Ki ce wa makitsiya tun kafin ta fara: "Yaya, a sassauta mini gaba, a bar ƙananan gashin goshi." Zane kada ya wuce mako 2. Kitso ƙanana kada ya wuce mako 6. Bayan tsifa ki ba kai hutun kwana 2 ko 3, kuma ki riƙa sauya wurin tsaga. Ke kuma uwa, in yarinya tana kuka a gaban makitsiya, ba shagwaɓa ba ce kullum. Ki sa hannu ki taɓa ki ji.

Abin da muke da shi a gida

Kafin ki nufi kanti, ki dubi abin da ke kusa. Karkashi, wanda muke kira yoɗo, in an jiƙa shi yana yauƙi, yana wanke kai, yana kuma warware gashin da ya cukurkuɗe ba tare da tsinkewa ba. Shi ne matan Cadi ke kira ambunu, ake sawa a leda mai kyau ana sayar wa mutanen Turai da Amurka da tsada. Garin ganyen magarya ma yana kumfa, yana wanki. Sabulun salo yana da kyau in an narka shi da ruwa mai yawa. Amma sabulun wanki na gari da kanwa ba na kai ba ne, suna da kaifi, suna bar gashi kamar tsintsiya.

Wajen mai, akwai man kaɗanya, man gyaɗa, man kwakwa, man alayyadi da man shanu. Maraɗi garin gyaɗa ne, mai ba ya yi mana wuya. Man kaɗanya na gaske yana narkewa in kin murza shi a tafin hannu, yana da ƙanshin ƙwara. Wanda ya ƙi narkewa, ko ya bar gari a hannu, ko yake warin kitse, an yi masa haɗi. Man shanu kuwa yana saurin tsami da zafi, a shafa shi ana gobe wanki, kada ya yi mako a kai.

Kun ji labarin garin shebe na matan Cadi, wanda ya yi suna a intanet. Yadda suke yi, suna cuɗa shi da mai su shafe jelar gashi, su kitse, su bar shi. Amfaninsa hana karyewa ne. Ba ya sa saiwa sauri. Wadda ta kula da gashinta haka da man kaɗanya ma za ta ga bambanci.

Man kanti: karanta kafin ki biya

Yawancin man kai da ke kasuwar Maraɗi daga Kano da Legas yake zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa, wani kuma daga ƙasashen gaɓar teku ko Asiya. Akwai na ƙwarai, akwai jabu, kuma kwalbarsu takan yi kama. Mai talla zai ce miki duka masu kyau ne. Takardar da ke manne a jikin kwalba ita za ki tambaya. A nan ne karatun da kike koyo zai tsare miki fata da aljihu. Ko ba ki jin Faransanci ko Turanci, kin san baƙaƙe, kin san lambobi. Ki nemi abu 5.

Na 1, sunan kamfanin da ya yi shi, da garinsu, da ƙasarsu. Wanda ya ɓoye sunansa ya san abin da ya zuba.

Na 2, ranar lalacewa. Ki nemi baƙaƙen nan 3, EXP, da lambobi a gabansu. In kin ga EXP 08/2027, ma'anarsa ya daina aiki bayan wata na 8 na shekarar 2027. In an kankare lambar, ko an manna wata takarda a kanta, ki ajiye. Wasu kwalabe suna da zanen ɗan gwangwani a buɗe, da rubutu kamar 12M. Watau wata 12 daga ranar da kika buɗe.

Na 3, lambar hukuma. Kayan da aka yi ko aka yi wa rajista a Nijeriya suna ɗauke da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don duba abinci da magani da kayan shafa. Rashin lambar a kan kayan Nijeriya alama ce mummuna. Amma ganinta kaɗai bai isa ba, don masu jabu ma suna bugawa. Ki haɗa da sauran alamomi.

Na 4, jerin abin da ke ciki. Ƙa'idar ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa. In kalmar farko Aqua ce, ruwa ya fi yawa. In Petrolatum ce ko Paraffinum liquidum, man basilin ne da danginsa. Ba guba ba ne, yana rufe laima, amma kada ki biya kuɗin man kaɗanya a kansa don an zana ƙwarar kaɗanya a gaban kwalba. Sunan kaɗanya a jerin shi ne Butyrospermum parkii. In yana can ƙarshe, ɗan ɗigo aka sa.

Na 5, murfi da kamannin man. Murfi a liƙe yake? Man ya rabu gida biyu, ko ya canza launi, ko yana wari? Kayan da suka yini a faranti cikin ranar bazara suna lalacewa tun lokacinsu bai cika ba. Ki sayi wanda aka ajiye a inuwa.

Haɗin da ake ɗurawa a kwalbar da ba rubutu, a ce miki sirri ne, gashi zai kai kafaɗa cikin wata guda, ki tuna da santimita 1 ɗin nan. Wasu masu haɗi suna zuba man magani mai ƙarfi irin wanda ake bilicin da shi. Yana kwantar da ƙaiƙayi da fari, daga baya ya sirantar da fata ya kawo ƙuraje.

Mu yi ɗan lissafi. A ce kwalba mai cikakken rubutu jikka 2 ce, tana yi miki wata 4. Kowane wata ya tashi dala 100. A ce ƙullin leda dala 60 ne, yana yin mako 1. A wata kin sayi 4, dala 240 ke nan, watau jikka 1 da dala 40. Wanne ne mai tsada? Ba mu ma sa kuɗin likita ba. Araha ba ta ado.

Man miƙar da gashi da baƙin rini

Man da ake kira rilaksa ko defirizan, iri biyu ne. Ɗaya yana da Sodium hydroxide, watau sodar nan mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita. Ɗayan ana rubuta masa cewa ba soda, amma yana da ƴan uwanta, shi ma yana ƙuna. Aikinsu karya ƙarfin sili ne don ya miƙe. Gashin da aka miƙar ya fi rauni har abada, sai dai sabon da ya fito.

A 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka sun ba da sakamakon bin mata 33,497 na wajen shekara 11. Sun ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba su taɓa amfani da man miƙarwa ba, kusan 2 cikin 100 ne za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70. Cikin masu amfani da shi fiye da sau 4 a shekara, 4 cikin 100 ne. Binciken bai tabbatar cewa man ne ya jawo ciwon ba, amma ya isa ya sa mai hankali ta rage.

In dole sai kin yi, ga sharuɗɗa. Ki sayi mai kwali da takardar bayani. Kada ki sosa kai ko ki tsefe kitso a ranar. A shafa basilin a goshi da kunne da ƙeya. A sa man a sabon gashi kaɗai, ba a fata ba. A duba agogo, kada a wuce mintin da aka rubuta. In kin ji zafi a wanke nan take, zafi ba alamar aiki ba ne, alamar ƙuna ce. A ɗauraye da sabulun da ya zo cikin kwalin. Tsakanin yi da yi a bar aƙalla mako 8. Kada a yi kitso sai bayan mako 2. Kada a sa wa ƙaramar yarinya ko kaɗan.

Lalle na ganye ja yake bayarwa, ba ya baƙi. Baƙin lalle da dayis da ke kama wa cikin minti kaɗan suna da wani sinadari, ana rubuta shi PPD. Wasu jikinsu ba ya ɗaukarsa: fuska ta kumbura, ido ya rufe, fata ta yi ruwa. Wadda ya taɓa yi wa haka, duk ranar da ta sake zai fi muni. Kafin rini ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48. Kuma ki ɓoye shi nesa da yara, don shansa yana kisa, kamar yadda likitocin Sudan da Maroko suka sha gani.

Kan yara

Ƙwarƙwata ba ta tsalle, ba ta tashi. Tafiya take yi daga kai zuwa kai, ko ta mataji da kallabi da matashi. Ƙwanta yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Don haka a sa maganin farmasi sau 2, tsakani mako guda, a kuma riƙa tajewa da mataji mai ƙananan haƙora bayan an shafa mai. Ina roƙonku da babbar murya: kada ku zuba fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko kananzir a kan yaro ko babba. Fata tana shan guba. A 2019 wata matashiya a jihar Osun ta Nijeriya ta rasu bayan ta sa maganin ƙwari a gashinta don kashe ƙwarƙwata.

Makero, wanda ke cin gashin yaro ya bar fili fari zagaye, naman gwari ne da ya shiga cikin saiwa. Shafe-shafe ba ya kai masa. Sai maganin sha na mako 6 zuwa 8, wanda lokotoro zai rubuta. In an bar shi ya yi ruwa, tabon ba ya sake gashi. Yana yaɗuwa ta aska da mataji da hula. Kai mai gida, in za ka kai yaro wurin wanzami, ka riƙe sabuwar reza taka, don askar haɗaka tana iya ɗaukar ciwon hanta ma. Ke kuma ki tafi gidan kitso da matajinki da kibiyarki. Ba raini ba ne, rigakafi ne, kuma ya fi magani.

In kin ga gashi yana zuba fili-fili, ko fata tana ruwa, ko ƙuna daga mai, kada ki tsaya gwajin shawarar maƙwabta. Ki je likita tun saiwa tana da rai.

Abin tattaunawa a aji

Kowace ta zo aji da kwalbar man da take shafawa. Ku karanta tare, ku amsa waɗannan:

1. Wace ƙasa aka yi shi, kuma wane wata zai lalace?
2. Mene ne abu na farko a jerin abin da ke ciki?
3. In kin raba kuɗinsa da watannin da yake yi miki, nawa ya tashi a wata?
4. Wane kitso za ki yi wa ɗiyarki a Salla mai zuwa, kuma me za ki ce wa makitsiya kafin ta fara?

Ɗalibar nan da na ba ku labarinta, yanzu ita ce ke karanta wa matan gidansu ranar lalacewa a jikin kwalba kafin a biya mai talla. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun sadu a darasi na gaba.